Mun daina sa gishiri a miya, amma jinin Baba bai sauka ba

Ƴar Auta:
Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka. An auna jinin mahaifinmu a asibiti aka samu 158/96, wato yana da hawan jini, likita ya ɗora shi a kan magani, ya ce a rage masa gishiri kada abin ya taɓa zuciya. Wata guda ke nan ba ma sa gishiri a tukunya, sai dai mu ƙara magi don abincin ya ciwu. Jiya aka sake aunawa a kemis, jinin yana nan kusan inda yake. Ina muka kuskure?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ƴar'uwa, gishirin bai bar tukunyarku ba, suna kawai ya canza. Ƙwayar magi ƙarama tana da nauyin kusan giram 4, kuma wajen rabinta gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, a haɗa da duk abin da ya ci daga karin kumallo zuwa tuwon dare.

Yi lissafi da miyarku. In mutum 6 ne a gida kika murje magi 6, kowa ya tashi da giram 2 a ci ɗaya. Rana da dare, giram 4. Ba a sa burodin safe ba, ba a sa yajin da ake barbaɗawa a kan shinkafa da wake ba, wanda da gishiri da magi ake daka shi. Ga kilishi, ga ƙullin garin da ke cikin Indomie.

Sai kanwa, wadda mutane ba sa lissafa ta. Akwai sodiyam da yawa a cikinta, shi ne kuma sinadarin gishirin da ke riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi har naman ta ya yi kauri ya gaji. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kunun kanwa da wankan ruwa mai zafi. A daina jefa ta a wake da miyar kuɓewa. A jiƙa waken tun dare zai nuna.

Ki rage magin zuwa rabi a wannan makon, bayan mako biyu ki sake ragewa. Ki cike gurbin da daddawa, albasa mai yawa, tafarnuwa, citta da busasshen kifin da ba a sa wa gishiri ba. Harshe yana sabawa cikin ƴan makonni. Kuma tukunya ɗaya za a yi wa kowa, don in aka ware wa tsoho nasa lami, ranar da ya gaji zai sa hannu a na yara.

Malamin Jinya:
Ina ƙarawa a kan awon. Mutum ya shigo daga rana yana haki a ɗaura masa na'ura nan take, dole lamba ta hau. Ya zauna minti 5, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa, damtse daidai ƙirji, babu magana. Kada ya ci goro ko ya sha kofi ko sigari minti 30 kafin nan. A auna sau biyu, safe da yamma, kwana 7, a rubuta a kai wa likita.

Ki duba kuma ko yana shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac ko ibuprofen. Suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, suna rage ƙarfin maganin hawan jini. Kada ya daina na likita don ya ji garau. Hawan jini galibi ba ya nuna alama.

Ƴar Auta:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lallai yana shan na ciwon gwiwa kusan kullum. Motsa jiki fa, da gwiwar haka?

Malamin Jinya:
Wannan maganin ki ɗauki kwalinsa ki nuna wa likita a canza masa. Tafiya kuwa minti 30 a yini, kwana 5 a mako, kuma ana iya raba ta minti 10 sau uku: bayan Asuba, bayan La'asar, bayan Isha'i, a kan ƙasa mai laushi da takalmi mai taushi. In ya ji nauyi a ƙirji, ko numfashi ya gagare shi in ya kwanta, ko ƙafafu suka kumbura, ku kai shi asibiti a ranar.