Injin wanki mai murfi a sama yana tsayawa lokacin matsa, yana sake ɗibar ruwa

Maman Yara ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin injin wanki. Nawa mai murfi a sama ne, mai cin kilo 8, irin wanda yake wanki da ɗauraya da matsa duk a ganga ɗaya, kuma ba shi da sanda a tsakiya, sai faifai mai juyawa a ƙasan gangar. Wanki da ɗauraya yana yin su lafiya lau. Matsalar tana tasowa ne idan ya zo matse kaya, domin da zarar gangar ta ɗauki gudu sai ta riƙa bugun jikin injin da ƙarfi har ya gusa daga inda aka ajiye shi, daga nan ya tsaya, ya sake ɗibar ruwa, lokacin da ya rage a allo ya koma baya, ya ɗauraye kayan da ya riga ya ɗauraye. Wani lokaci yakan yi ta maimaita haka har ya samu ya matse, wani lokaci kuma sai ya rubuta UE ya yi ta ƙara, in buɗe in tarar da kayan sharkaf, sun taru a gefe ɗaya.

Da farko abin ya fi faruwa da zannuwan gado da tawul, amma yanzu har da kayan sawa na yau da kullum. Wani mai gyara da na yi wa bayani ta waya ya ce allon kwamfutar injin ne ya lalace, sai an canza shi. Kafin in amince da wannan, ina so in san ko akwai abin da zan iya dubawa da kaina, kuma ko sake ɗibar ruwan nan shi kansa alamar lalacewa ce.

Uwargida ta amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sake ɗibar ruwan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera irin waɗannan injuna. Idan injin ya ji nauyi ya karkata gefe ɗaya, sai ya dakatar da matsa, ya zuba ruwa, ya juya faifan domin kayan su warware su bazu, sannan ya sake gwadawa. Sai bayan ya yi ƙoƙarinsa abin ya ci tura yake rubuta UE, wato yana sanar da ke cewa kayan ba su daidaita ba, ki zo ki gyara su da hannu.

Ki fara da duba yadda kike zuba kaya. Zanen gado idan aka jefa shi a dunƙule, ko aka naɗe shi kewaye da gangar, yana haɗiye ƙananan kaya ya zama ƙulli ɗaya, kuma babu yadda ƙulli ɗaya zai daidaita a cikin ganga mai gudu. Ki riƙa warware kowane kaya, ki sa su ɗaya bayan ɗaya a kewayen gangar, masu nauyi a ƙasa. Babban tawul guda ɗaya a cikin riguna marasa nauyi shi ma yana jawo haka, saboda yana shan ruwa fiye da sauran. Gara ki sa tawul biyu ko uku tare, su raba nauyin. Mutane da yawa suna tsammanin cika kaya ne kaɗai ke kawo matsala, alhali wandon jins ɗaya tak a cikin gangar da ba komai ya fi saurin sa inji tsalle. Shi kuma kilo 8 da aka rubuta nauyin busassun kaya ake nufi, kuma ko da nauyin bai kai ba, kada kayan su wuce kusan kashi uku cikin huɗu na gangar ba tare da an danna su ba.

Mai Gyaran Inji ya amsa:

Hajiya, bayanin da Uwargida ta yi daidai ne, amma tunda kin ce matsalar ta fara da manyan kaya sannan ta kai ga ƙanana, ina ganin akwai abin da yake ta lalacewa a hankali, kuma ba na zargin allon kwamfuta. Allon shi ne yake gane cewa gangar tana kaɗawa, shi ne yake ba da umarnin tsayawa da ƙara ruwa, kuma shi ne yake rubuta UE. Allon da yake yin duk waɗannan a kan lokaci yana aikinsa ne. Bugun da kike ji da kunnenki daga gangar yake fitowa, don haka a can za a nemi dalili.

Ki cire kaya duka, ki sa injin a kan matsa kaɗai, ki tsaya ki saurara. Idan ya yi gudu sumul babu kaya, to moto da bel da ƙarfen da gangar take juyawa a kansa suna da lafiya, saura zaman injin da abin da yake riƙe da gangar. Idan kuwa yana bugu ko yana wani gurnani na ƙarfe alhali babu komai a ciki, ki kashe shi, wannan aikin mai gyara ne.

Zaman inji yana da sauƙin dubawa. Ki dafa kusurwoyi biyu da ke fuskantar juna ki jijjiga, sannan ki yi haka da sauran biyun. Idan ya yi lilo ko kaɗan, akwai ƙafar da ba ta taka ƙasa sosai ba. Ƙafafun gaba galibi ana murɗa su su hau ko su sauka. Hanyar da nake bi idan babu ma'auni a kusa ita ce in bar ruwa ya shiga har ya kai layin farko na hujojin gangar, in dakatar da injin, in duba ko ruwan ya taɓa layin daidai a duk kewaye. Idan ya rufe hujojin wani gefe ya bar na wani gefen a waje, injin a karkace yake. Kada a cusa kwali ko tsumma a ƙarƙashin ƙafa, domin suna lotsawa da zarar sun jiƙe.

Abin da na fi zargi shi ne sandunan da gangar take rataye a kansu. Guda huɗu ne, ɗaya a kowace kusurwa, kowanne da sifirin da abin da yake rage masa tsalle. Da shekaru suna saki, sai gangar ta kasa jure ɗan karkatar da a da take jurewa ba tare da an ji ba, kuma wannan ya yi daidai da yadda kika kwatanta. Ki zare fulogi daga soket, ki buɗe murfi, ki danna gangar ƙasa da hannu biyu ki saki. Mai lafiya tana dawowa ta tsaya cak. Idan ta ci gaba da hawa da sauka, ko kika ga ta zauna a karkace tana kusa da jikin injin ta wani ɓangare, sandunan sun gaji. Idan kin juya gangar da hannu kika ji motsin ruwa a bakinta na sama, kada ya dame ki. Akwai zobe a wurin da aka cika da ruwa tun daga masana'anta domin ya taimaka wajen daidaita gangar, kuma rashin jin motsin ne ma abin damuwa, don yana iya nufin zoben ya tsage ya tsiyaye.

Akwai kayan da bai kamata su shiga matsa mai gudu ba ko da inji sabo ne, wato duk abin da ruwa ba ya ratsawa, kamar rigar ruwa da shimfiɗar katifa mai leda da labulen banɗaki. Suna riƙe ruwa a cikinsu, sai nauyin ya koma gefe ɗaya farat ɗaya ana tsakiyar gudu. A watan Nuwamba na 2016 kamfanin Samsung ya yi kiranyen injunan wanki masu murfi a sama kusan miliyan 2.8 a Amurka, wato ya sanar da waɗanda suka saye su cewa sai an gyara su ko an canza su, saboda saman injin yana iya ɓallewa idan kaɗawa ta yi tsanani, kuma an danganta haɗarin da wanke kayan shimfiɗa da manyan kaya da masu hana ruwa wucewa a kan gudu mai ƙarfi.

Dattijo ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina ganin ya tsallake fitar ruwa, wanda a ganina ya kamata a duba kafin a taɓa sanduna. Idan ruwa bai gama fita ba aka fara matsa, gangar tana ɗauke da nauyin da ba a tsara mata ba, kuma za ta kaɗa ko da an jera kaya da kyau. Waɗannan injuna iri biyu ne. Akwai masu famfon tura ruwa, waɗanda ake rataye mesarsu a sama, akwai kuma waɗanda ruwa yake gangarowa da kansa, su kuma dole mesarsu ta kwanta ƙasa, ba lanƙwasa, ba hawa kan wani tudu, kuma kada bakinta ya nutse cikin ruwan da ya taru a magudana. 'Yata, ki duba littafin injin ki ga wane iri ne naki, sannan ki lura da ƙarfin ruwan da yake fitowa. Tsabar kuɗi da fil da ƙananan safa suna bi ta gefen faifan su toshe hanyar. Yawan garin sabulu shi ma yana da hannu, domin kumfa idan ta cika tsakanin ganga ta ciki da ta waje tana hana gangar ɗaukar gudu. Idan a ƙarshen ɗauraya kina ganin kumfa, ki rage sabulu, ki kuma wanke 'yar jakar tace ƙazanta da ke jikin gangar.

Maman Yara ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba, idan irin wanda ruwa yake gangarowa da kansa kuke nufi, to haka nawa yake, kuma mesar tana kwance, ruwa yana fita da ƙarfi har ya ƙare. Na gwada matsa babu kaya, ya yi gudu ba bugu. Ƙafa ɗaya ta gaba ba ta taka ƙasa sosai, na murɗa ta har lilon ya daina, kuma abin ya ragu da ƙananan kaya. Amma da na danna gangar na saki, ta yi ta hawa da sauka kafin ta tsaya, kuma ta fi nutsewa ta kusurwar baya ta hagu. Malam, shin sandar wannan kusurwar kaɗai za a canza?

Mai Gyaran Inji ya amsa:

Baba ya yi gaskiya da ya kawo batun fitar ruwa, kodayake idan toshewa ce sosai injin yakan rubuta wata alama dabam, OE a injunan LG, 5E ko 5C a na Samsung. Tunda ruwa yana fita yadda ya kamata, an kawar da wannan.

Hajiya, a canza duka huɗun lokaci ɗaya. Sabuwar sanda ɗaya a cikin tsofaffi uku tana ɗaga kusurwarta fiye da sauran, sai gangar ta karkata ta wani ɓangaren, bugun ya dawo. Ki kwafi lambar samfurin injin daga takardar da ke manne a bayansa ko a gefensa, domin sandunan sun bambanta a tsawo da ƙarfin sifirin, kuma a wasu injuna na gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne, ana bambanta su da launi. Idan garanti bai ƙare ba, kada kowa ya buɗe shi sai wakilin kamfanin. Idan ya ƙare, duk wanda zai yi aikin ya zare fulogi, ya rufe famfo, ya duba kofunan roba da sandunan suke zama a ciki sama da ƙasa, don su ma suna cinyewa. Bayan an gama, a gwada matsa babu kaya, sannan a gwada da tawul uku ko huɗu jiƙaƙƙu kafin mai gyaran ya tafi. Kafin sandunan su samu, ki riƙa sa rabin kayan da kika saba, ki zaɓi matsa mafi ƙarancin gudu idan injin yana da wannan zaɓi, bargo da manyan zannuwa kuma ki dakata da su tukuna.