Me ya sa iyalai ke godiya bayan an taimaka wa majinyaci ya mutu?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum. Ina karatu a kan dokar jihar Victoria ta Ostireliya, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2019, ta kuma ba mai cutar ajali damar neman maganin da zai kawo ƙarshen rayuwarsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda majinyata da masu jinyarsu suke yawan gode wa likitocin da suka taimaka. Ta yaya mutum zai gode wa wanda ya miƙa wa mahaifinsa abin da ya yi sanadin mutuwarsa?

Malam Bala:
Wa'alaikumus salam, Malama Hauwa'u. A ganina, yawancin godiyar ba ta mutuwar ba ce. A tsarin da dokar ta fara da shi, sai majinyaci ya nema har sau uku, ɗaya a rubuce, sannan likitoci biyu su tabbatar yana cikin hayyacinsa kuma ba a sa ran zai wuce wata shida, ko shekara ɗaya idan cuta ce mai lalata ƙwaƙwalwa ko jijiyoyin laka sannu a hankali. Daga nan masu harhaɗa magunguna kan kai masa maganin har gida cikin akwati mai makulli. A jihar Oregon ta Amurka, inda irin wannan doka ke aiki tun 1997, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka rubuta wa maganin ba sa shan sa, cutar ce take ɗaukarsu. Ke nan mutum na iya ajiye akwatin a ɗakinsa bai taɓa buɗe shi ba, amma fargabar raɗaɗi da sarƙewar numfashi ta ragu, ya samu barci. Wannan sauƙin ne yake gode wa.

Hajiya Rabi:
Duk wanda ya taɓa yin doguwar jinya zai fahimci ɓangaren iyalai. Mai jinya yana kwana yana juya majinyaci don kada gyambo ya fito masa, yana jiƙa masa leɓe da auduga, yana kasa kunne ga numfashinsa, bai san ko dare zai wuce ba. Idan an san ranar, 'ya'yan da ke nesa sukan iso, a yafi juna, a yi bankwana. Ban goyi bayan abin ba, amma ba zan ce godiyarsu ƙarya ba ce.

Malam Bala:
Gaskiya ne, Hajiya. Sai dai a lura cewa galibi waɗanda suka amince da tsarin ne suke fitowa su yi magana.

Dakta Usman:
Nan ne damuwata take. Musulunci da Cocin Katolika duk sun haramta wannan aiki, kuma godiyar mutum ba ta halatta abu. Ko a ajiye addini gefe, rahotannin Oregon na shekara-shekara suna nuna cewa tsoron zama nauyi a kan iyali yana cikin dalilan da majinyata ke bayarwa. A Kanada kuwa an fara a 2016, sai a 2021 aka cire sharaɗin cewa mutuwar ta kusa. Idan majinyaci ya ce ya gode, ya kamata a fara tambaya ko an wadata shi da maganin raɗaɗi irin su mofin, da kuma wanda zai karɓi matarsa jinya ta samu ta huta, kafin a kawo masa wannan zaɓi.