Wai da gaske ne Bajamushe ba ya saɓa lokaci, Bafaranshe kuma malalaci ne?

Makanikin Sharaɗa:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni gyaran injina nake yi a wani kamfanin sarrafa fata da ke Sharaɗa, shekarata 14 a kai. Tun ina miƙa wa maigidana sifana, karatu ɗaya yake biya mana: Bajamushe ba ya saɓa lokaci, ba ya dariya, in ya ɗaure noti sai dai jikanka ya kwance. Bafaranshe kuwa ba abin da ya iya sai gayu da turare da yajin aiki. Hujjarsa Marsandi ce da gadojin Julius Berger. Na haddace wannan kamar karatun allo.

Bara aka kawo mana sabon inji, waɗanda suka sayar suka turo mutum biyu su haɗa shi, Bajamushe ɗaya, Bafaranshe ɗaya. Bajamushen dattijo ne mai furfura. Sati biyun da suka yi, bai taɓa shigowa kafin ƙarfe goma ba, kuma sau biyu yana manta akwatin kayan aikinsa a otal. Ga raha, ga surutu. A rana ta uku ya iya cewa "sannu da aiki", sai da ya sa aka sayo masa gurasa da ƙuliƙuli, ya zauna kan benci da mu ya ci, hawaye na zuba saboda yaji. Aiki kam ya iya shi, ba zan rage shi ba. Bafaranshen kuwa bakwai da rabi yana bakin ƙofa, fuska a murtuke. Duk notin da ya ɗaure sai ya ɗiga masa jan fenti, ya rubuta a littafi. Sai mun fita sallar magariba yake wanke hannu.

Da na ba maigidana labari, sai ya ce, "Ai wannan ba cikakken Bajamushe ba ne, ka bincika, ruwa biyu ne." Wannan amsar ce ta tsaya mini a rai. Wato in mutum ya yi daidai da abin da muke faɗa, ya zama shaida, in ya saɓa kuma sai mu cire shi daga danginsa. To ta yaya za a taɓa gane mun yi kuskure? Masu sani, don Allah daga ina waɗannan maganganu suka samo asali, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsu?

Ɗan Fagge a Kolon:

Wa alaikumus salam Malam. Shekarata uku ina karatu a nan Kolon, wani birni a Jamus. Ka tambayi kowane Bajamushe batun jirgin ƙasa, ka ga yadda zai ɓata rai. A 2023, cikin jiragen ƙasa masu dogon zango, kusan 64 cikin 100 ne kawai suka isa kan lokaci, kuma fa wanda ya makara da ƙasa da minti shida ba a lissafa shi cikin masu latti. Sabon filin jirgin saman Balin an so buɗe shi a 2011, bai buɗu ba sai ƙarshen Oktoban 2020. Har yau ofisoshi da yawa da takarda da ambulan suke aiki.

Batun rashin dariya kuma, ka zo Kolon lokacin bikinsu na shekara, wajen watan Fabrairu, ka ga dattawa da kayan ban dariya suna rawa a titi. Mutumin Bavariya da na Hambog, in kowa ya juya harshen ƙauyensu, da ƙyar suke fahimtar juna. Ƙasar ma ai sai 1871 ta zama ɗaya.

Abin da yake gaskiya shi ne tsari. In aka ba ka ranar ganin likita ka saɓa, sai ka sake jiran makonni. Ni da a Kano ake jirana a wajen ɗaurin aure, yanzu minti goma kafin lokaci ina wurin. Jinina bai canja ba, hukuncin latti ne ya canja.

Alhajin Ƙofar Ruwa:

Yara, ku bi a hankali. Ruwa ba ya tsami banza. Shekara 40 ina sayar da kayan gyaran mota, na san abin da hannuna ya taɓa. Kayan Jamus ka ɗaga ka ji nauyi, ka sa wa mota ka manta. Mutanen da suke ƙera irin wannan ba za a ce halinsu ɗaya da kowa ba. Mutum ɗaya da ya zo Sharaɗa ba zai rushe abin da duniya ta shaida ba.

Malama Mai Tarihi:

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ingancin kayan da ka taɓa gaskiya ne, ba mai musu. Inda zan roƙi arziki shi ne wajen tsallakawa daga kaya zuwa halin mutane sama da miliyan 80.

Wannan tambarin na "Made in Germany" da muke girmamawa, asalinsa gargaɗi ne. A 1887 Ingila ta yi doka cewa a riƙa rubuta ƙasar da aka yi kaya, don mai saye ya gane na Jamus ya guje su, saboda a lokacin ana ganinsu jabu ne masu araha, yadda aka daɗe ana kallon kayan Caina a kasuwanninmu. Jamusawan ba a sauya musu jini ba. Makarantun koyon sana'a da tsarin masana'antu suka gyara, cikin 'yan shekaru sunan ya juye. Kuma Baba, ka fi ni sanin Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Motar da ta yi jigilar Kano zuwa Maiduguri shekara da shekaru, 'yan gayun nan, Faransawa, su ne suka ƙera ta.

Batun lalaci, an samo shi ne daga dokar awa 35 a mako da Faransa ta fara aiki da ita a 2000, da yawan yajin aikinsu. Amma in aka lissafa awannin da ma'aikaci yake yi a shekara, na Jamus kusan 1,350 ne, na Faransa kusan 1,500. Wanda muke kira malalacin ya fi daɗewa a bakin aiki.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne cewa Faransawa matsorata ne don Jamus ta ci su cikin kimanin mako shida a 1940. Faransa ta rasa sojoji kusan miliyan 1.4 a yaƙin duniya na farko, ta tare sojojin Jamus a garin Verdun daga Fabrairu har Disambar 1916. Sai aka ɗauki mako shida aka lulluɓe duk wannan. Galibin irin waɗannan maganganu maƙwabta ne suka ƙirƙire su a zamanin gaba, mu kuma muka gaje su, yawanci daga bakin Ingilishi da finafinan Amurka.

An ma gwada abin. A 2005 mujallar Science ta buga wani bincike a kan al'ummu 49. Aka ce mutane su siffanta halin ɗan ƙasarsu, sannan aka auna halayen ainihin mutanen ƙasar. Biyun ba su dace ba. Wato ko hoton da mutane suke yi wa kansu bai cika zama daidai ba, balle wanda baƙo ya yi musu.

Mu ma muna da namu. Abin da Bakano ke faɗa kan Bazazzagi, da wanda Bafillace ke faɗa kan Babarbare, kowa ya san wasa ne, ana yi ana dariya. Matsalar tana farawa ranar da aka hana mutum aiki ko aure a kansa.

Makanikin Sharaɗa:

Na gode ƙwarai. Malama, maganarki ta ƙarshe ta taɓo mini wani tsohon miki. An taɓa tura ni kwas na wata ɗaya a Legas. Ranar farko na shiga da kaftanina da hula, mai rajista ya ɗago ya ce, "Aboki, ɗakin masu gadi yana baya." Na nuna masa takardata, ya juya ta gaba da baya, ya kira wani ya duba. Da aka gama kwas ɗin na fito na biyu, sai wani malami ya dafa kafaɗata ya ce ni ba kamar sauran Hausawa ba ne. Shi yabo yake nufi. Ni kuwa har na iso Kano abin na cina, don na san makanikai a Sharaɗa da Bompai da ban kai in riƙe musu sifana ba. Sai yau na lura maganarsa da ta maigidana kan dattijon Bajamushen nan duk ɗaya ce.

Baba Alhaji, ranar Asabar in sha Allahu zan shigo Ƙofar Ruwa neman bel. Zan so ka nuna mini kayan Jamus ɗin da na Fijo, in ɗaga su da hannuna.