Zanen waya zai iya riƙe mutum? Ina neman shawara kafin in kwashi adashe

Bashir_Mabera

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya taɓa yin abin nan da hannunsa nake son ya amsa mani.

Shekarata 23, na gama difloma bara, yanzu ina tsaron shagon yadin kawuna a Babbar Kasuwar Sakkwato. Tun ina makarantar allo nake zane, ni nake yi wa yaran shiyarmu zayyana idan za su yi sauka. Shekara biyu ke nan na koma yi a waya, da manhajar ibisPaint da ɗan yatsana. Yawanci rubutun Larabci ne, da dagi, da zanen hula, da irin adon da dukawa ke yi wa fata a Madunka. Ba na zana fuskar mutum.

Wata mai zuwa zan kwashi adashe, naira 280,000. Niyyata in sayi kwamfutar gwanjo da allon zane, in bar shago, in zauna ina ɗora zane a intanet. Na kalli bidiyo da yawa a YouTube, ana cewa mutum na barci dala na shigowa. Kawu yana ba ni 35,000 a wata da abincin rana. Cikin wata nawa zane zai kawo mani ko da wannan ɗin?

Abu_RunjinSambo

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka bar shagon nan tukuna. Bari in buɗe maka littafin lissafina ka gani da idonka.

Ni tun 2019 nake cikin harkar wanga zane. Shekara biyu na farko na ɗora guda 140 a Shutterstock, shafin sayar da hotuna da zane a intanet, irin adon da ake shimfiɗawa bayan rubutu ko a buga jikin ƙyalle. Tsarinsu tun 2020 shi ne mai zane ya fara da kashi 15 cikin 100, yana hawa har 40 gwargwadon yawan abin da anka saya, kuma kowace 1 ga Janairu a maido kowa matakin farko. Sau da yawa abin da ke faɗo maka idan an sauke zanenka sau ɗaya santi 10 ne na dala. Ka ɗauki dala a 1,500, naira 150 ke nan, ko ɗan kabu-kabu ba zai kai ka kasuwa daga Mabera da su ba. Kafin ka haɗa 35,000 ɗin da kawunka ke ba ka, sai an sauke zanenka sama da sau 230, kuma kowane wata. Adobe Stock, wani shafin irinsa, kashi 33 suke ba mai zane, sai ka tara dala 25 kafin ka iya cira. Ni wata bakwai na yi kafin na kai.

Fiverr kuwa, shafin da ake ba mutum aikin oda, kashi 20 suke ɗauka, kuɗin su kwana 14 kafin su zama naka, sannan su bi ta Payoneer, kamfanin tura kuɗi daga waje, su iso banki. Wata huɗu shagona a can ba wanda ya leƙo. Aikin farko dala 15 ne, 12 sunka shigo hannuna, bayan na yi gyara sau biyar. Kuma sai kana iya rubuta Turanci, sai kana farke ƙarfe biyun dare, don lokacin ne mutanen Amurka ke aiko saƙo. Da Midjourney, manhajar da ke zana hoto da kanta, da ire-irenta sunka fito a 2022, ƙananan ayyukan nan na dala biyar da goma su ne sunka fara raguwa a wurina. Mai son hoto na ado kawai yanzu rubutawa yake yi na'ura ta zana mashi.

To ina kuɗin suke? Wallahi a nan gida na same su. Katin ɗaurin aure, katin walimar sauka, tambarin mai kilishi da mai turaren wuta, takardar shaidar kammala Islamiyya, fostocin 'yan takara lokacin zaɓen 2023. Watan da kasuwa ta yi kyau, kamar gab da azumi da ake ta bukukuwa, ina haɗa 120,000. Tsakiyar damina akwai watan da 30,000 na gani. Daga ciki za ka cire data, wadda anka ƙara ma kuɗi a farkon 2025, ka cire fetur, don ka san yadda Afrilu take a garin nan: zafi ya haura 40, wuta babu, kwamfuta na huci kamar murhu, ga mai biki na kira.

Abu ɗaya ya faranta mani rai a bayaninka, wato zayyana. Masu zana fure da zaki a intanet sun fi gashin kai yawa. Wanda ya iya adon allon sauka, ya san yadda ake ɗaura dagi layin bai tsinke ba, ba su da yawa. Wannan ka riƙe da kyau.

Maman_Hanan

Bashir, abin da Malam Abu ya faɗa haka yake. Ni daga Arkilla nake, a ɗaki nake aikina. Ina sayarwa a Selar, shafin sayar da kayan da ake saukewa a waya, don da naira ake biya kuma kuɗin na shiga asusuna na banki ba tare da zagaye ba. Ina da jadawalin ibadar azumi, da katin gayyata da mutum zai sa sunansa da kansa, da takardun koya wa yara haruffan Hausa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, kowane a 1,500. Azumin bara na sayar da jadawali 63. Bayan sallah sai in yi wata ban wuce huɗu ko biyar ba. Kuma babu wanda ya taɓa faɗowa shafina da kansa, duk daga sitatus ɗina na WhatsApp da zaurukan mata suke zuwa. Rabin aikin talla ne.

Abin da ya fi ci mani rai, mace ɗaya ta saya, washegari in gan shi a zaure mai mutum ɗari biyu ana rabawa kyauta, har da addu'ar Allah ya saka wa wadda ta turo. Ba su ɗauke shi a matsayin haƙƙin wani ba. Don haka in aikin oda ne ka karɓi rabi kafin ka fara, samfurin da za ka tura kuma ka rubuta sunanka a tsakiyarsa har sai an cika maka.

Nura_Tambuwal

Ƙari ɗaya. Da ka fara ɗora zane, wani zai aiko maka saƙo da Turanci yana son sayen guda uku a matsayin NFT, wato shaidar mallakar zane da ake saye da sayarwa a intanet, kowane dala dubu biyu, amma sai ka fara biyan kuɗin rajista a wani shafi. Damfara ce. Ni 45,000 na tura, daga ranar ban sake jin ɗuriyarsa ba. Gaskiya ne Beeple, wani mai zane Ba'amurke, ya sayar da aikinsa a matsayin NFT dala miliyan 69 a gidan gwanjo na Christie's a Maris 2021, amma tun 2007 yake zane kullum ba fashi, kwana 5,000. Kuma kasuwar ta karye a 2022.

Bashir_Mabera

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gaskiya jikina ya yi sanyi da na ga lissafin naira 150 ɗin nan, amma gara yanzu da bayan na sallami kawu. Yaya Abu, to kwamfutar fa? In fasa saye gaba ɗaya?

Abu_RunjinSambo

Ba fasawa ba, jinkirtawa. Ka sayi alƙalamin waya da ma'ajin caji mai ƙarfi, sauran kuɗin ka ajiye. Kana zaune cikin 'yan yadi, duk mai sayen anko yana buƙatar kati, duk tela yana son tambari. Ka nemi izinin kawunka ka liƙa samfuri uku a bakin shago. In ka yi aiki goma da anka biya ka, kuma ka ga wayar ce ke hana ka karɓar na sha ɗaya, ranar ka sayi kwamfuta. Shafukan waje kuma ka riƙa ɗora biyu ko uku duk mako bayan isha'i, kada ka sa su cikin lissafin cefane.

Akwai abin da zai ba ka wahala tun farko: launin da ke fuskar waya ba shi ke fita a takarda ba. Masu buga kati CMYK suke so, wato tsarin launin injin bugu, da kaifin hoto 300 dpi, in ba haka ba koren zayyanarka ya fito kamar miyar kuka. Ka turo mani saƙo ta akwati. Asabar bayan la'asar ina wurin mai buga mani aiki, ka zo da zane uku mu buga su ka gani.