Murya na rigan hoto a bidiyon Yankari, a taimaka

Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar editin ku agaza min, abin nan ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Bidiyon tafiyarmu Yankari nake haɗawa a laftof, na jera hotunan giwaye da na ruwan Wikki na sa kiɗa a ƙasa, cikin manhajar editin ɗin komai daidai yake tafiya, amma ina fitar da shi MP4 sai murya ta riƙa rigan hoto, da farko kaɗan ne, can wajen ƙarshe kuwa har dariyar ƙanina ake ji kafin gwaggon biri ya wawuri ledar burodin, to ai ya ɓata wajen kenan.

Wani abokina ya ce wai waya ba ta tsayawa kan firem 30 a sakan (wato hotuna 30 da ke jeruwa duk sakan su zama bidiyo), tana raguwa in haske ya yi ƙasa, in fara wuce da bidiyoyin ta HandBrake, wata manhajar sauya tsarin bidiyo, in tsayar da firem ɗin. To in na yi haka dole in sake yanka komai daga farko? Kuma ingancin 1080p ɗin ba zai ragu ba? Laftof ɗin ma RAM ɗinsa, wato ƙwaƙwalwar da yake aiki da ita, 4GB ne kawai, ko daga nan matsalar take?