Wane suna za mu sa wa "tram" da Hausa?

Malam Habu: Jama'a, ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu masu zuwa Kasablanka, Istanbul da Iskandariyya suna tarar da tram, wato abin hawa na fasinja mai bin dogo, a tsakiyar titi, ga shi har yanzu ba mu tsayar masa da suna ba. Ana cewa motar dogo, tarago, jirgin birni. Wanne za a sa a takardar gargaɗin da za a rubuta musu?

Injiniya Rabi: Malam, a fara cire "mota". Wanda ya ji mota zai ɗauka direba zai kauce masa, alhali wannan ba shi da sitiyari, inda dogo ya nufa nan yake bi. Mai tsawon mita 30 nauyinsa ya kai kimanin tan 40 tun fasinja ba su shiga ba, a Kasablanka ma biyu ake haɗawa. Ƙafafunsa ƙarfe ne a kan ƙarfe, ba sa kamawa kamar tayar roba a kwalta. A gudun kilomita 40 a awa, birkin yau da kullum sai ya ci wajen mita 50 kafin ya tsaya. Akwai birkin gaggawa, inda maganaɗisu ke manne wa dogo ana watsa yashi, wannan yakan rage zuwa mita 20 da ɗoriya, amma fasinjojin da ke tsaye su ne ke zubewa. Ƙaramar mota mita 10 ya kusa isar ta. In an yi ruwa ko ganye ya zuba a dogo, nisan ƙaruwa yake.

Malam Habu: Tarago fa?

Injiniya Rabi: Tarago ɓangare ɗaya ne na jirgi. Jirgin birni kuma ya haɗa har da irin na Legas, mai hanyarsa daban a killace.

Alhaji Issufu: Hajiya ta yi daidai. Ni damuwata kada a bar shi a "jirgin ƙasa" kawai. Mutanenmu sun saba jirgin ƙasa da rugugi da ham daga nesa. Wannan na lantarki ne, ba ya ƙara sosai in yana zuwa, galibi ƙararrawa yake kaɗawa, wanda ya toshe kunne da waya ba zai ji ba. Wani mummunan haɗari shi ne mutum ya tsallaka ta bayan wanda ya tsaya, na biyu na tahowa a ɗaya layin a ɓoye. A kwana jikinsa yana fitowa waje da dogo, sai ya make wanda ya tsaya daf. Dogon kuma yana da kwarmi mai kama tayar keke, don haka mai keke ya gitta shi kai tsaye, kada ya bi shi a karkace. Shawarata "jirgin titi": jirgi ne don ba ya kaucewa, titi kuma don a nan yake cakuɗe da masu tafiya a ƙafa.

Injiniya Rabi: Na goyi baya, Alhaji. Jam'i jiragen titi.

Malam Habu: To, mun tsaya a jirgin titi. A farkon takarda za a rubuta tram sau ɗaya kusa da shi, domin mutum ya gane allon da zai gani a can.