Zan ɗaura wa Hilux winci kafin damina, wa ya taɓa yi?

Manomin Gassol:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Hilux 2012 mai dizal, da ita nake shiga gonar shinkafa a fadamar Gassol, can Taraba. Wanda ya san baƙar lakar wurin ba sai na yi masa bayani ba. Bara sau huɗu ina kafewa. Akwai ranar da na kwana cikin mota da buhun taki 20 a baya, sauro ya yi min kaca-kaca, sai da hantsi aka samo tarakta. Bana na rufe ido na sayi winci, wato injin igiyar da ke fitar da mota idan ta kafe, mai jan fam 12,000, yana nan cikin kwalinsa. Abu biyu ne suka tsaya min. Mazauninsa: in sa mai walda ya ƙera a bayan bambar da ke jiki, ko in nemi bambar ƙarfe gaba ɗaya? Sai wuta: batirina ɗaya ne mai amfiya 75, altanetan kuma na asali. Za su ɗauka? Abin da ya rage a hannuna bai wuce dubu 300 ba.

Direban Gembu:
Wa alaikumus salam. Alhaji, mai 12,000 ya yi maka yawa, nemi mai 9,500. Mu da muke hawan Mambila ma shi muke gani a motoci.

Manomin Gassol:
Na gode ɗan'uwa, amma ai na riga na saya.

Ɗan Funtuwa:
Ni dai a ganina taya ce matsalarka. Sa tayar laka guda huɗu, ka rage iska idan za ka shiga, ka huta.

Mai Wayarin:
Alhaji, mai 12,000 bai yi maka yawa ba. Fam 12,000 wajen kilo 5,400 ke nan, ƙa'idar kuwa ita ce winci ya kai nauyin mota da kayanta sau ɗaya da rabi. Hilux da lodi tana kusan tan uku, ga laka tana tsotsa. Batun wuta kuma, idan ya ɗau nauyi sosai yana zuƙar amfiya 400 ko fiye, altanetanka ko 100 da ƙyar ya kai. Ka ga batir ne ke biyan sauran. Kada ka taɓa ja da inji a kashe. Taka totur kaɗan, ka ja kamar rabin minti, ka bari ya sha iska. Waya mai kauri sikwaya milimita 35, in da hali 50, jan ƙarfe zalla. Baƙar wayar ta tafi kan batir kai tsaye, kada yaro ya ɗaure maka ita a bodi don ya rage tsawo. Ka sa makunni babba kusa da batir, wanda za ka riƙa katse wutar winci idan ba ka aiki da shi.

Wanda Ya Ji Jiki:
Alhaji don girman Allah ka saurare ni kafin ka kai motarka ko'ina. Shekara biyu ke nan ban daina jin ciwon abin nan ba. Na kai tawa wurin wani mai walda da aka yi ta yaba min shi, ashe ƙofofi da tagogi ne aikinsa. Ya ce kwana ɗaya an gama. Ya yanko farantin ƙarfe, ni ban san kauri ba a lokacin, daga baya da aka auna bai kai milimita 4 ba. Ya manna shi da walda a jikin ƙarafan da ke riƙe bamba, ya fesa baƙin fenti, abu ya yi kyau kamar daga kamfani. Na biya har da tukuicin yara.

Ranar farko da na kafe, muka ɗaure igiya a gindin wata ɗorawa. Ƙanena yana riƙe da rimot. Mota ta fara motsi, muna murna, sai na ji ƙara kamar an harba bindiga. Farantin ya lanƙwashe, walda ta ɓalle ta gefe ɗaya, winci ya karkace ya daki lagireto. Ruwan zafi yana tsiyaya cikin laka, tururi ya tashi. Ba wannan ne ya fi ba ni tsoro ba. Jar wayar da ya bi da ita ta gefen ƙarfe ba tare da roba ba ta yanke ta haɗu da bodi. Tartsatsi kawai nake gani, robar waya tana narkewa tana ɗiga, ga warin ƙuna. Babu makunni, babu komai. Da sifana 10 na kwance kan batir, hannuna na rawa, har yau tabon yana nan a yatsana.

Da na koma masa, ka san abin da ya ce? Wai ni na ja abin da ya fi ƙarfinsa. To me na saye shi ya ja, buta?

Bazazzagi:
Subhanallahi. Allah ya tsare gaba. Nawa ka kashe a gyara?

Wanda Ya Ji Jiki:
Ban ma son lissafawa. Lagireto, fanka, batir, wayarin gaba duka. Sannan mota ta riƙa nuna wuta a dashbod, aka ce da ya yi waldar bai cire kan batir ba, ƙwaƙwalwar mota ta taɓu. Sai da na sayar da bijimi. Har wurin shugaban ƙungiyarsu na je, aka ce a yi haƙuri, ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ganganci ma akwai shi.

Injiniya:
Kuskuren a fili yake. Ba a ɗora winci a kan ƙarfen bamba, kuma ba a yi wa shasi walda. Mazauni faranti ne mai kauri milimita 6 aƙalla, 8 ya fi, a lanƙwasa bakinsa don ya yi ƙarfi, a ɗaure shi da bol a ramukan da ke kan shasi hagu da dama. A duba kan bol ɗin a ga an rubuta 8.8 ko 10.9. Ramukan ƙasan winci yawanci inci 10 ne da inci 4 da rabi, a auna kafin a huda. Kuma kada ya toshe iskar lagireto.

Ustan Panteka:
Injiniya da girmanka, amma wannan karatun takarda ne. Shekarata 22 ina ƙona ƙarfe a Kaduna, na yi wa shasin tifa walda ba adadi, suna nan suna aiki. Hannu ne. Wanda bai iya ba ko bol ɗin zinare ka ba shi sai ya ɓata.

Injiniya:
Usta ban raina hannunka ba. Amma zafin walda yana raunana ƙarfen gefen ɗinkin, nan tsagewa ke farawa, ba a rana ɗaya ba. Ga kuma jakar iskar sitiyari, da yadda gaban mota ke karɓar duka take sanin lokacin fashewa.

Ustan Panteka:
Ka taɓa riƙe kan walda da hannunka? Tambaya kawai na yi.

Wanda Ya Ji Jiki:
Irin wannan maganar ce ta kai ni ta baro. Shi ma haka ya ce min, shekara kaza yana aiki.

Ustan Panteka:
A'a malam, kada ka haɗa ni da mai tagogi. Ni in na yi, faranti 8 nake sawa, kuma da bol nake ɗaurewa idan akwai rami. Alhaji kawo ta, dubu 180 har fenti.

Ɗan Funtuwa:
Dubu 180? An yi wa maƙwabcina a dubu 70.

Direban Gembu:
Yaushe? In kafin 2023 ne ka manta da wannan farashin. Ni wayar kaɗai da kawunanta da makunni sun ci min sama da dubu 100. Bambar ƙarfe ta waje kuwa da na tambaya a Apo ta Abuja, kuɗin da aka faɗa ya ninka abin da ke hannun Alhaji.

Bakano:
A Ƙofar Ruwa za ka samu guntun faranti da sauƙi in ka iya ciniki. Ko kuma ka ɗauki Zage-zagi biyu ka zaunar a bayan mota, ka ba su fura, sun fi winci, kuma ba sa cin batir.

Bazazzagi:
Bakano zai ɗaure igiyar ne ya tsaya yana tambayar itacen nawa zai biya shi.

Manomin Gassol:
Kun sa ni dariya wallahi. Amma wata matsalar ma, fadamarmu babu itatuwa sosai, ina zan ɗaure? Kuma har yanzu ba a ce min komai kan batir ba: in ƙara na biyu ko in canja zuwa mai 100?

Mai Wayarin:
Inda babu itace ana haƙa rami a binne sifeya a ɗaure a jikinta, aiki ne amma yana fitarwa. Ka nemi fuli ma, wato 'yar tayar ƙarfe da igiya ke zagayawa a kanta, yana ninka ƙarfin ja ya rage wa batir wahala. Kuma ka riƙa yafa bargo a tsakiyar igiyar, in ta tsinke ba za ta yi bulala ba. Batir kuwa, mai 100 mai kyau guda ɗaya ya fi biyu na banza. Sai dai samun mai kyan.

Direban Gembu:
Ai nan gizo ke saƙar. Na sayi mai 100 sabo fil a leda, wata biyar ya mutu. Da na ɗaga shi na ɗaga tsohon nawa mai 75, wallahi tsohon ya fi nauyi.

Wanda Ya Ji Jiki:
Ni takardar garanti aka ba ni ta shekara ɗaya. Da na mayar, mai shagon ya ce altanetana ne ya kashe shi, in kawo shaidar cewa ba haka ba ne.

Mai Wayarin:
Waya ma haka. Kankare bakinta da wuƙa kafin ka biya, in cikin ya yi fari to alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe. Makon jiya na cire irinta a motar wani.

Bakano:
Nawa suke karɓar tsohon batir a wajenku yanzu? Nan an taya nawa da wani kuɗi da ban yarda ba, ina da guda uku a ajiye.